Tambaya da Amsa: Kwalejin da Ba a Tantance Ba, Wa Ke Ba Ta Izinin Ba da Digiri a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu malamai ne mazauna Teksas, muna shirin buɗe ƙaramar kwaleji da za ta ba da digiri a fannin kasuwanci da kwamfuta. Mun yi wa kamfaninmu rajista, takardar tana hannu. Za mu iya fara ɗaukar ɗalibai yanzu, mu nemi tantancewa daga baya? — Wani malami, Houston

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A'a, kada ku ɗauki ɗalibi ko guda da alkawarin digiri tukuna, kada ma ku buga talla. Takardar da ke hannunku ta nuna kamfaninku halattacce ne, amma ba ta ba ku ikon ba da digiri ba.

Abubuwa uku ne mutane ke cakuɗawa. Rajistar kamfani daga ofishin sakataren jiha take fitowa. Izinin ba da digiri daga hukumar ilimi mai zurfi ta jiha yake fitowa, shi ne ke sa digirin ya halatta a idon doka. Tantancewa kuwa aikin ƙungiyoyi ne masu zaman kansu waɗanda Ma'aikatar Ilimi ta tarayya ko CHEA, wata majalisa mai zaman kanta da ke sa ido kan masu tantancewa, ta amince da su, su ke shaida cewa karatun ya kai mizani. Gwamnatin tarayya ba ta raba lasisin buɗe kwaleji. In ban da 'yan makarantun da Majalisar Dokokin ƙasa ta kafa da kanta, irin su Jami'ar Gallaudet a 1864 da Jami'ar Howard a 1867, da kwalejojin da gwamnatocin ƙabilun asali suka kafa, ikon yana hannun jihohi.

A Teksas ƙofar da za ku ƙwanƙwasa ita ce hukumar daidaita ilimi mai zurfi ta jihar, wadda ake kira THECB. Makarantar da ba a tantance ba tana neman takardar izini ta shekara 2. Ana iya sabunta ta, amma jimillar lokacin ba ya wuce shekara 8, kuma a cikinsa ake son ku samu tantancewa. Hanyar da sababbin makarantu suka fi bi ita ce su fara aiki shekara 2 a matsayin makarantar da ba ta ba da digiri, da lasisin da ya dace da hakan, sannan su nemi izinin digiri. Ku lura da suna ma: kalmomin da ke nufin kwaleji da jami'a doka ta killace su a Teksas, ba a liƙa su a allon ƙofa sai da izini. Haka abin yake a Niyok, inda a 2010 aka sa makarantar da ake kira Trump University ta cire kalmar jami'a daga sunanta.

Abin da hukumomin jihohi ke nema ya yi kama da juna, ko da fom ɗin ya bambanta. Za su buƙaci cikakkiyar manhajar kowane digiri, darasi bayan darasi, da yawan kiredit. Mizanin da aka saba shi ne kiredit 60 ga digirin shekara biyu, 120 ga digirin farko, sannan aƙalla 30 a kan haka ga digiri na biyu. Kiredit ɗaya yana nufin kusan awa ɗaya a aji da awa biyu na aikin gida kowane mako, har mako 15. Za su nemi sunan malamin kowane darasi da ainihin takardun sakamakon karatunsa, waɗanda jami'arsa ta aiko kai tsaye. Sai kundin bayanan makaranta, da takardar yarjejeniyar da ɗalibi zai sa wa hannu, da ƙa'idar mayar da kuɗi in ya janye, da hanyar kai ƙorafi, da tsarin laburare, da shaidar mallaka ko hayar gini tare da takardar masu kashe gobara. Sai bayanan kuɗi da ƙwararren akanta mai zaman kansa ya bincika. Jihohi da yawa suna ƙara da takardar lamuni daga kamfanin inshora, wadda za a biya ɗalibai daga cikinta idan makaranta ta rufe. Bayan an gama duba takardu sai a turo ayarin masana su yi ziyarar gani da ido.

Wurin da ake yawan faɗuwa shi ne malamai da kuɗi. Ƙungiyar SACSCOC, wadda ta daɗe tana tantance makarantun kudancin ƙasar har da Teksas, ƙa'idarta ita ce mai koyar da darasin digirin farko ya kasance yana da digiri na biyu a fannin, ko digiri na biyu tare da kiredit 18 na karatun gaba da digiri a wannan fannin. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana kasuwanci amma ba shi da wannan takarda sai an kafa masa hujja a rubuce, kuma ba kullum ake karɓa ba. Idan malami ya yi karatu a wajen Amurka, a kai takardunsa wurin masu auna daidaiton shaidar karatu tun da wuri, domin wannan kaɗai kan cinye makonni. Ita dai ƙungiyar tana kuma son kiredit 30 na darussan gama-gari a digirin farko, wato harshe da lissafi da kimiyya da zamantakewa. Masu son koyar da sana'a zalla sukan manta da wannan, sai a dawo musu da manhajar.

Batun kuɗi ya fi nauyi, kuma muna son ku zauna ku yi lissafinsa da gaske. Kafin tantancewa ɗalibanku ba za su samu tallafin Pell, wato kuɗin karatu da gwamnati ke ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, ko rancen karatu na tarayya ba, domin Dokar Ilimi Mai Zurfi ta 1965 ta ɗora wannan a kan ƙafa uku: izinin jiha, tantancewa, da amincewar Ma'aikatar Ilimi. Makarantar da ba ta neman riba tana iya shiga tsarin tun tana matakin share fagen tantancewa. Mai neman riba kuwa sai ta samu cikakkiyar tantancewa, kuma ta yi shekara 2 da kafuwa. Ma'ana za ku yi shekaru kuna biyan albashi da haya daga aljihun ɗalibai 'yan kaɗan da aljihunku. Ita kuma ƙungiyar tantancewa ba za ta saurare ku ba sai kuna da izinin jiha da ɗalibai a aji. Don haka ku zaɓi ƙungiyar da za ku nema tun kafin ku rubuta manhaja, ku gina komai a kan mizaninta. Ku tabbatar kuma har yanzu tana da amincewar tarayya: wata ƙungiyar tantancewa mai suna ACICS ta rasa tata a 2022, makarantun da ke ƙarƙashinta suka koma neman wata.

Tambaya: Na ji an ce akwai jihohin da ba sa takurawa, kamar Kalifoniya da Wayomin da Hawayi. Me zai hana mutum ya yi rajista a can? — Wani ɗan kasuwa, Shikago

Amsa: Alhaji, labarin da ka ji ya tsufa. Wayomin ta gyara dokarta a 2006, ta wajabta wa masu ba da digiri su samu tantancewa ko su kasance a kan hanyar samunta. Jami'ar Kennedy-Western, wadda ta yi suna a can, ta sauya suna zuwa Warren National, ta kasa samun tantancewa, ta rufe a 2009.

Kalifoniya ta taɓa zama babu hukumar sa ido bayan wa'adin tsohuwar hukumarta ya ƙare a tsakiyar 2007, amma dokar 2009 ta kafa sabuwar hukumar sa ido kan makarantu masu zaman kansu, wato BPPE, dokar 2014 kuma ta ɗaure igiyar sosai. Sabuwar makarantar da ba a tantance ba izinin wucin gadi kawai take samu, na shirye-shiryen digiri da ba su wuce 2 ba. Dole ta kai matakin share fagen tantancewa cikin shekara 2, ta samu cikakkiya cikin shekara 5. In ta gaza, a dakatar da izinin, ta daina ɗaukar sababbin ɗalibai, ta kawo tsarin ƙarasa wa na ciki karatunsu ko mayar musu da kuɗi. Dole kuma ta sanar da kowane mai neman shiga, a rubuce, cewa izininta na wucin gadi ne. A ɓangaren kuɗi ana son kadarorinta na hannu su kai ninki 1.25 na basussukan da ke kanta na kusa.

Hawayi ba ta ba irin waɗannan makarantu lasisi, ta hanyar dokar kare masu saye take bi da su. Sai makaranta tana da ofishi a jihar, da aƙalla ma'aikaci ɗaya mazaunin can, da ɗalibai 25 a cikin jihar, kuma ta rubuta ƙarara a tallarta da kundinta cewa ba a tantance ta ba. Ofishin kare masu saye na jihar ya sha kai masu saɓa wannan kotu. A ganinmu, wanda ya fara da neman jihar da ta fi sakaci ya riga ya nuna cewa ba ɗalibi ne a gabansa ba.

Tambaya: Idan karatun duk ta intanet ne, izinin jiha ɗaya ya isa? — Wata malama, Atlanta

Amsa: Bai isa ba, Malama. Akwai yarjejeniyar SARA, wadda jihohi 49 suka shiga, in ban da Kalifoniya, kuma tana ba makaranta damar koyar da ɗaliban sauran jihohi da izinin jiharta. Amma sharaɗin shiga shi ne tantancewa. Makarantar da ba ta da ita sai ta bi dokar kowace jiha da ɗalibinta yake zaune. Wasu jihohin ba ruwansu sai in kina da ofishi, ko ma'aikaci, ko wurin horon aiki a cikinsu. Wasu kuwa ɗaukar mazauninsu kaɗai ya isa su nemi ki yi rajista. Ki sa tambayar jihar zama a fom ɗin shiga, ki ƙi karɓar ɗalibi daga inda ba ki da izini, ki kuma riƙa bibiya idan ɗalibi ya ƙaura.

Tambaya: Masallacinmu yana son buɗe makarantar horar da limamai. An ce makarantun addini doka ta ɗauke musu neman izini. Gaskiya ne? — Wani limami, Bronx

Amsa: Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne a wasu jihohi, a wasu kuma babu wannan rangwame sam. A Niyok, inda kake, ikon ba da digiri yana hannun majalisar ilimi ta jihar, kada ku kira takardarku digiri sai kun samu amincewarta. A Teksas kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci a 2007, a shari'ar makarantar tauhidin Kirista ta Tyndale wadda aka ci tarar dala 173,000, cewa jiha ba ta da hurumin tsara karatun addini zalla. A Kalifoniya rangwamen yana aiki ne idan makarantar mallakar ƙungiyar addini ce marar neman riba, karatun bai fita daga koyarwar addinin ba, kuma sunan digirin ya nuna na addini ne. Da zarar an ƙara digirin kasuwanci ko na aikin jinya, rangwamen ya faɗi.

Ku sani kuma rangwame ba shaidar inganci ba ne, jiha ta ce ne kawai ba za ta duba ku ba. Idan kuna son ɗalibanku su samu aikin limanci a asibiti ko soja, ko su ci gaba da karatu a wata jami'a, tantancewa za a tambaya. Kwalejin Zaytuna da ke Berkeley ta bi doguwar hanyar, ta samu tantancewa a 2015, ta zama kwalejin Musulunci ta farko da ta samu hakan a ƙasar.

Tambaya: Ɗana ya samu gurbi a wata kwaleji da ta rubuta cewa jiha ta amince da ita, kuɗinta kuma da sauƙi. Hankalina bai kwanta ba. — Wata uwa

Amsa: Hajiya, kin yi daidai da kika tsaya bincike. Amincewar jiha na nufin makarantar ba ta karya doka in ta ba da digiri. Ba ta tilasta wa kowa ya karɓi digirin. Yawancin jami'o'i ba sa ɗaukar kiredit daga makarantar da ba a tantance ba, hukumomin lasisin aikin jinya da koyarwa galibi ba sa karɓa, kuma ƙarin wata 24 na izinin aiki da ake ba ɗaliban waje masu digirin kimiyya da fasaha sai da digirin makarantar da aka tantance. A Oregon, mai amfani da digirin da ba a tantance ba kuma jihar ba ta amince da shi ba sai ya rubuta hakan a duk inda ya ambace shi. A Teksas, neman aiki da digirin bogi ko wanda bai kai mizani ba laifi ne da kan kai ɗaurin kwana 180 da tarar dala 2,000.

Ikon ba da takardar I-20 ta neman biza ma ba hujja ba ne. Jami'ar Tri-Valley ta Kalifoniya tana da wannan iko ba tare da tantancewa ba. Hukumomi suka rufe ta a 2011, ɗalibanta, akasari 'yan Indiya, suka shiga matsalar takardun zama, shugabarta kuma aka yanke mata ɗaurin fiye da shekara 16.

Ɗanki ya nemi sunan makarantar a shafin hukumar ilimi mai zurfi ta jihar, ya ga irin izinin da take da shi da ranar ƙarewarsa. Ya duba kundin makarantun da aka tantance na Ma'aikatar Ilimi da na CHEA, ya duba sunan ƙungiyar da ta tantance ta ma, domin akwai ƙungiyoyin tantancewa na bogi. Idan makarantar ta ce tana kan hanya, ya tambayi wace ƙungiya da wane mataki, ya tabbatar a shafin ƙungiyar. Miƙa takardar nema ba mataki ba ne. Sannan ya rubuta wa jami'ar da yake burin ci gaba a cikinta, ya tambaya ko za ta karɓi kiredit ɗin, ya riƙe amsar a rubuce kafin ku biya ko dala ɗaya.