Zan iya buɗe shago a Kumasi tunda muna cikin ECOWAS?

Tambaya: Salam malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, kayan waya nake saidawa, caja da iyafis da sauransu. Ina so in buɗe shago a Kumasi, amma an ce Ghana na rufe shagunan 'yan Najeriya. To ba duk ECOWAS muke ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya duk ECOWAS muke, amma yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 abin da ta ba ka a aikace shi ne ka shiga Ghana ba biza ka yi kwana 90. Maganar kasa kaya a kasuwa kuwa dokar Ghana ce ke aiki, wato dokar GIPC (hukumar bunƙasa zuba jari ta Ghana) ta 2013, ita ce fa ke ta jawo rigimar nan.

Dokar ta keɓe wasu sana'o'i 'yan ƙasa kaɗai za su yi: saida kaya a rumfar kasuwa, talla, aski da gyaran gashi, ruwan leda, saida magani ɗai-ɗai, har tasi in motocinka ba su kai 25 ba. Naka kayan wayar nan dai-dai inda aka toshe suka faɗa. In kuma ka ce kamfanin saye da sayarwa za ka buɗe, to dokar ta 2013 ta ce baƙo sai ya zuba dala miliyan ɗaya, kuɗi ko kaya, sannan ya ɗauki ƙwararrun 'yan Ghana 20 aiki, ka ga ai wannan ba maganar mai shago ɗaya ba ce, an yi ta ne don manyan kamfanoni. Shi ya sa 'yan ƙungiyar GUTA, wato ƙungiyar 'yan kasuwar Ghana, suka dinga garƙame shagunan 'yan Najeriya da kwaɗo a Suame da ke Kumasi da unguwar Circle a Accra a 2019 da 2020. Su suna cewa doka suke bi, namu kuma suna cewa ECOWAS.

Kuma kar mu cika ganin laifinsu, mu ma mun yi. Gowon ya kafa dokar mallaka wa 'yan ƙasa kamfanoni a 1972, aka ƙara tsaurara ta a 1977, sai a 1995 aka buɗe ƙofa baƙo ya iya mallakar kamfani gaba ɗaya.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne dabarar nan ta sa sunan wani ɗan Ghana a takardun shago alhali kuɗin naka ne. Da yawa suna yi, musamman masu 'yan uwa a zango, amma laifi ne a dokar, kuma ranar da kuka saɓa, ko ya rasu magada suka taso, takarda shi ta sani, kai ba ka da bakin magana a kotu.

Ni a ganina ka samu amintaccen dila ɗan can ka dinga tura masa kaya daga Kano kuna lissafi a rubuce, ya fi maka kwanciyar hankali. In kuwa za ka iya sarrafa wani abu a can, ko ka dinga sayo kayan Ghana irin su goro kana fitarwa, waɗannan biyun dokar ba ta ɗora musu sharaɗin jarin nan ba. Shugaban Ghana Mahama ya ce a 2025 za su cire sharaɗin mafi ƙarancin jari, don haka kafin ka biya ko sisi na haya ka leƙa ofishin GIPC a Accra su faɗa maka inda aka kwana.