Tsohon lensi a kan sabuwar kyamara: "Madubi yana maƙalewa, an ce in kai a goge shi"

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Na gaji tsofaffin lensi guda biyu daga mahaifina, Allah ya jiƙansa: Super-Takumar 50mm f/1.4 mai murɗi irin na M42, da Canon FD 135mm. Kyamarata Canon 5D Mark II ce, kuma ina tara kuɗin sayen marar madubi. Na sayi adafta na ɗaura Takumar ɗin, hotunan kusa suna fita da kyau, amma da na murɗa fokas zuwa nesa na danna, sai na ji ƙas, idon leƙe ya yi duhu. Wani mai gyara ya ce in kawo ya goge gefen madubin ko bayan lensin da magagari ya rage shi, komai zai daidaita. Wani kuma ya ce tsohon lensi yana ƙona sensa. Hankalina ya tashi, don ba na son in rasa kyamarar, ba na kuma son in lalata abin da Baba ya bari.

Amsa:

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, bisa abin da ka faɗa kyamararka ba ta mutu ba. Idan madubin ya maƙale, mayar da zoben fokas zuwa kusa a hankali, sai ya sauka da kansa. Kada dai ka ƙara dannawa lensin yana kan alamar ∞, wato fokas mafi nesa.

Maganar ƙona sensa ba ta da tushe. Adaftar M42 zoben ƙarfe ce kawai, babu wutar da ke bi ta cikinta. Abin da ke ƙona sensa ko labulen shota shi ne a bar lensi a buɗe yana kallon rana, kuma sabo da tsoho duk suna iya yin haka.

Ga abin da ya faru da kai. Tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da sensa a tsarin Canon EF, wanda kyamararka ke amfani da shi, milimita 44 ce, ta M42 kuwa 45.46. Kaurin adaftarka ke nan bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Duk lokacin da ka murɗa zuwa nesa, gilashin baya na Takumar yana ƙara nutsewa cikin kyamara, madubin 5D kuma babba ne saboda sensar cikakkiya ce, wato mai girman fim ɗin 35mm. Yana tashi sai ya daki bayan lensin. Wannan ne ƙas ɗin da ka ji.

Sai maganar mai gyaran nan, wadda ita ce ta fi ci mini rai, don kusan kullum sai na ji irinta. Mutane sun ɗauka idan adafta ta shiga ta zauna, to an gama, abin da ya rage sai a gyara shi da ƙarfi ko da magagari. Zaman adafta a bakin kyamara yana nuna maka cewa haƙoran sun dace ne kawai. Bai gaya maka komai ba game da abin da ke faruwa a ciki, inda idonka ba ya gani. Na taɓa karɓar kyamarar da aka yi wa wannan aikin: an goge gefen madubin na ƙasa, ya yi tsaga kamar bakin tsohon kofi, garin gilashi ya cika akwatin madubi, ya hau allon fokas, ya kai har kan labulen shota. Mai ita yana cewa hoto yana fita da ɗigo-ɗigo, bai san daga ina ba. Duk dannawa ɗaya, labulen yana jan wannan garin kamar yashi. Wanda ya yi aikin ya karɓi kuɗinsa ya wuce, mai kyamara aka bari da sayen sabon akwatin madubi.

Gugar bayan lensin kuwa ta fi muni, kuma a nan ba kyamara kaɗai nake ji wa tsoro ba, har da ƙirjin mai gugar. Da yawa daga cikin Takumar 50mm f/1.4 an yi gilashinsu na baya da sinadarin toriyom, mai fitar da ɗan tururin nukiliya. Shi ya sa idan ka ɗaga shi a haske za ka ga ya yi ruwan shayi. Ɗaukar hoto da shi ba ya cutarwa, kuma hasken ultrabayolet na wasu kwanaki yana rage rawayar. Haɗarin yana zuwa ne idan aka fasa gilashin ko aka goge shi, ƙurarsa ta shiga huhu. Mai magagari da zai ce maka ƙarfen gefe kawai zai taɓa, tambaye shi milimita nawa ne tsakanin ƙarfen da gilashin. Zamewar hannu ɗaya ta isa. Ko ya yi sa'a, lensin da ya yi fiye da shekara hamsin lafiya ya koma naƙasasshe saboda kyamarar da kai da bakinka ka ce za ka sauya. Ba na ganin laifin mai tambaya a nan. Laifin na waɗanda suka kalli bidiyo guda biyu a intanet ne suka fara karɓar kayan mutane, da masu sayar da adafta da ke cewa "ai tana ɗaukar kowane iri". Babu adaftar da ke ɗaukar kowane iri.

Kafin ka samu sabuwar kyamara, akwai dabara marar ɓarna. Sa fokas a kusa, kunna kallon allo (Live View) don madubi ya tashi ya tsaya a sama, sannan ka murɗa zuwa nesa ka ɗauka. Kafin ka kashe, dawo da fokas kusa. Idan ka san kana da mantuwa, bar hoton nesa har sai ka sauya.

FD ɗin nan kada ka ɓata kuɗi a kansa yanzu. Tazararsa milimita 42 ce, ƙasa da 44 ta EF, tsarin da Canon ta fito da shi a 1987 ta ajiye FD. Babu gurbin adafta ke nan. Marar gilashi za ta hana ka fokas na nesa, mai gilashi a ciki kuma za ta ba ka nesa amma hoton ya yi hazo, musamman idan ƙofar haske tana buɗe.

A kyamara marar madubi duk wannan yana warwarewa. Tazarar Canon RF milimita 20 ce, Sony E 18, Nikon Z 16. Adaftar FD zuwa RF bututu ce ta milimita 22, babu gilashi, babu madubin da zai daki komai, kuma lensinka biyu, kowanne da adaftarsa, za su yi aiki yadda aka ƙera su. Fokas da hannu za ka yi, ƙofar haske ma haka. Shiga saituna ka ba kyamara damar ɗauka ba tare da ta gane lensi ba, ka kunna launin da ke bayyana a gefen abin da ya fito fes, ka riƙa faɗaɗa hoto a allo kafin ka danna. Idan kyamarar tana da na'urar rage girgiza a jikinta, shigar mata da 50 ko 135 da kanka. A jikin Takumar akwai ɗan makunni, tura shi zuwa MAN, in ba haka ba ƙofar haske ba lallai ta rufe ba ko ka murɗa zoben.

Ko a can ma ka riƙa dubawa. Lensi irin Jupiter-12 mai dogon gilashin baya, da waɗanda ake turawa su shige ciki irin tsohon Elmar na Leica, suna iya taɓa cikin kyamara. Duk lensin da ya zo hannunka, ɗaura masa adafta a hannu tukuna, murɗa zuwa ∞, ka duba ta gefe ka ga ko wani abu ya zarce bakin adaftar. Wajen ɗaurawa, idan ka ji ta cije, tsaya ka cire ka duba. Sannan ka girgiza lensin a hankali bayan ya zauna: idan yana motsi, mayar da adaftar ka nemi wata, don karkatar da ido ba ya gani tana sa gefe ɗaya na hoto ya yi dishi-dishi.