Hadari, Hazo da Guguwa: Amsoshin Masu Karatu

Tambaya daga Mirriya: Allah ya gafarta Malam, me ake nufi da "haɗarin ƙasa maganin mai kabido"?

Ɗana, fara gyara rubutunka. Haɗari mai ɗ shi ne hatsari, irin na mota. Na karin maganar nan hadari ne, wanda ke haɗowa a gabas. Ina ganin wannan kuskure har a rubutun mutanen da suka yi makaranta, kuma yana damuna, domin harafi ɗaya ne tsakanin rahama da musiba.

Kabido rufi ne na kaba da ake kifawa a kai, yana tare abin da ke zubowa daga sama. Idan abin ta ƙasa ya biyo, mai kabido bai da dabara. Manufa ita ce, duk shirin mutum akwai ɓangaren da bai tsare ba. Ni a ganina waɗanda suka yi maganar sun kalli hadarinmu da kyau. Ruwan da ke faɗowa daga girgije yana ratsa busasshiyar iska, wani sashensa ya koma tururi, iskar ta huce kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta rufto ƙasa, ta bazu, ta kwashi rairayi ta yi gaba da shi kamar jan bango. Shi ya sa ƙura ke riga ruwa isowa. A farkon damina, watan Mayu da Yuni, iskar ƙasa takan bushe ƙwarai har ɗigon ya ƙare bai taɓa ƙasa ba: a kwashe shanya, a tara bokitai, ƙura ta yaye rufin kwano ta wuce, ba ko yayyafi.

Kuma tunda an zo nan, akwai abin da yara ke yawan rikicewa a kai. Laimar da ke zama ruwanmu daga kudu maso yamma take, daga Tekun Gini, amma hadari ta gabas yake fitowa. Iska biyu ce, ɗaya bisa ɗaya. Da bazara Sahara takan ɗauki zafi, iskarta ta yi sauƙi ta tashi, nauyinta a ƙasa ya ragu, sai iskar teku ta kwararo arewa ta cike gurbin, juyawar duniya kuma ta karkata ta har ta zo mana ta kudu maso yamma. Wannan iskar ba ta da kauri, ƙasa-ƙasa take bi. A samanta, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata mai ƙarfi da ke tafiya daga gabas zuwa yamma, ita ke tura giragizan. Sanyayyiyar iskar nan da ta rufto kuwa tana kutsawa ƙarƙashin mai ɗumi da laima da ke gabanta, ta ɗaga ta, sabon girgije ya haɗu. Da haka hadari ke sabunta kansa yana tafiya, ya bar Gure ya iso Damagaram, ya nufi Tasawa da Maraɗi.

Tambaya daga Tanut: Cida da tsawa ɗaya ne?

A'a. Cida ita ce rugugin nesa, tsawa ta kusa ce mai firgitarwa. Ƙirga daƙiƙoƙi tsakanin walƙiya da ƙarar, kowace daƙiƙa 3 nisan kilomita ɗaya ne.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Birni: Ɗalibaina suna cewa "an yi ƙura" ranar da gari ya yi fari da hunturu. Daidai ne?

Malama, ki gyara musu, hazo ne. Ƙura tana da mai tayar da ita a kusa: garke, mota, iskar gaban hadari, kuma takan kwanta da wuri don ƙwayarta tana da nauyi. Hazo gari ne mai laushi da ke rataye a sama kwana da kwanaki ko da iska ta tsaya. Mafi yawan namu daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi yake, busasshen gindin tsohon tafki, kusan kilomita 1,000 daga nan Damagaram. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Enedi, ta ƙara gudu kamar ruwa a indararo, ta kwashi farar ƙasar wurin. Shi ya sa hazo fari-fari ne, ƙurar hadari kuwa ja.

Tambaya daga Magarya: Masu rediyo suna kiran kowace iska guguwa. Ya halatta?

Ban yarda da su ba. Sharaɗin guguwa juyi. Da tsakar rana a fako, ƙasa ta gasa iskar da ke kanta, iskar ta sami kafa ta haura, ta gefe ta rugo ciki, kuma gwargwadon tsukewar da'irar gwargwadon saurin juyin, kamar ruwa a mazurari. Mintoci kaɗan take yi, tana iya juyawa dama ko hagu. Ta teku da suke cewa mahaukaciyar guguwa, wannan na karɓa, tunda ita ma juyi take yi, sai dai faɗinta ɗaruruwan kilomita ne, kuma juyawar duniya ce ke tsara mata ɓangaren da za ta bi. Amma iskar da ta zo a miƙe ta karya bishiyar bedi a Sabon Gari, sunanta iska, ko iskar hadari. Mai kayan kara ma iska aka ce tana wahalar da shi.

Tambaya daga Matamai: Marka ko malka?

Duka biyu ana faɗi, bambancin karin harshe ne. Ruwan watan Agusta ke nan mai wuni yana zuba a hankali ba iska.