Ina son rage tsawon fiffiken Spitfire ɗina, in yanka da wuƙa mai zafi?

Tambaya: Malam, ina da ƙaramin samfurin jirgin yaƙin Birtaniya, Spitfire Mk V, na roba, ma'aunin 1/72 (wato na gasken ya ninka shi sau 72 a tsawo), ina son in datse bakin fukafukansa kamar irin waɗanda aka yi wa haka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wani ya ce in gasa reza a wuta, za ta ratsa robar kamar man shanu. Samfurin guda ɗaya gare ni, ina tsoron in lalata shi.

Amsa: Ɗan'uwa, tsoronka yana kan hanya, don Allah ajiye ashanar nan.

Aikin ƙarami ne. A jirgin na gaske, bakin fiffiken ɗaurarre ne daban, cire shi aka riƙa yi tun wajen 1942 don jirgin ya fi saurin mirginawa in yana ƙasa-ƙasa, bayan jirgin yaƙi Focke-Wulf 190 na Jamus ya matsa masa lamba. Saboda haka layin da za ka bi yana nan a zane a jikin robar. Abin da za ka cire kowane gefe kusan santimita ɗaya ne kacal.

To, a kan santimita ɗaya ake cewa ka kawo wuta! Wallahi na gaji da wannan shawara. Kusan kullum sai an turo mini hoton fiffike da ya lanƙwashe, mai shi yana tambayar yadda zai miƙe da shi. Ba ya miƙewa. Robar nan, folistirin, tana fara laushi tun wajen digiri 100, zafin tafasar ruwa ke nan, reza kuwa da ta sha harshen wuta ta ninka haka. Ba yanka take yi ba, narkarwa take yi. Gefen ya kumbura, zanen layukan da ke kusa ya shafe, bayan fiffiken da yake siriri kamar takarda ya naɗe sama. Ga baƙin hayaƙi mai wari da kake shaƙa, fuskarka dab da shi. Masu ba da shawarar a bidiyo suke gani, inda ake yanka soso da waya mai zafi, sai su ɗauka duk roba ɗaya ce. Ƙanensu kuma shi ne mai cewa a jiƙa wurin da asiton ko tina, ruwan da ake goge fenti ko tsinka shi da su, ya yi laushi. Waɗannan ma cinye robar suke yi, ka wayi gari fiffike ya zama kamar cingam.

Ga yadda nake yi. Ka fara haɗa sama da ƙasan fiffiken da gam, ka bar shi ya kwana. Ka liƙa tef a bakin layin ta ɓangaren da kake son tsarewa. Sai ka ja bayan tsinin reza a kan layin, a hankali, ba dannawa, sau ashirin ko talatin, za ka ga siririn zaren roba yana murɗewa yana fita. In kana da ƙaramin zarto mai siraran haƙora, ya fi sauri. Ka yanka ɗan waje da layin, ragowar ka ci shi da takardar gogewa mai lamba 400, sannan 800, tana jiƙe.

Ramin da zai bayyana a bakin, ka toshe shi da guntun robar da kayan suka zo manne a kai, ka goge ya yi ɗan zagaye. Kafin fenti, ɗora fukafukan biyu a kan rula ka auna daga tsakiyar jirgi, don ido yakan yafe wa milimita guda har sai fenti ya hau.