Kunya da son kai: amsa ga Uwata

Uwata, na ga saƙonki tun daren Talata, sai dai na bari na kwana a kansa sau biyu. Kin ce kin samu bak, takardar kammala sakandare, kina so ki shiga Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram, ga kuma wani ya turo magabatansa, mamanki ta ce ɗiya mai kunya ba ta tsoma baki a zancen aurenta. Kika ce a waya kullum ana ce muku "ki so kanki", alhali a gida idan aka ce wance mai son kai ce to zagi ne. Kina tambaya wanne al'ada ta yarda da shi.

Dubi yadda nake kiranki. Sunan mahaifiyata aka sa miki, shi ya sa shekara goma sha tara bakina bai taɓa furta shi ba. Wannan kunya ce, kuma ina alfahari da ita. Ba ta rage ni da komai ba, ke ma ba ta cuce ki ba. Haka wadda ba ta kiran sunan ɗan fari, ko ba ta cin abinci gaban suruki. Irin wannan ki riƙe ta da hannu biyu.

Son kai da Bahaushe ke zagi kuwa, shi ne a dama fura ki shanye ki bar ƙannenki da ludayi, ko a zo rabon gado ki ce gonar da ke bakin tabki ke kaɗai ta dace da ita. Ban taɓa jin tsohuwa a Birni ta kira mace mai son kai don ta san ciwon kanta ba. Wadda ba ta sani ba ita ake ce wa sakarya.

Mai sunanki ba ta taka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba, kuma tunda aka kawo ta gidan kakanki ba ta fita sai da dare. Amma tana toya ƙuli-ƙuli, tana matse man gyaɗa, mu ne ƴan tallarta har Zango. Kuɗinta na cikin wata kwalla ta ƙarƙashi a jeren kwanoninta, kakanki bai san adadinsu ba, bai kuma taɓa tambaya ba. A 1984, yunwar da muke ce wa El Buhari, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka hatsi ya yi wuyar gani, rumbunmu ya ƙare tun kafin bazara. Ina zaune a tsakar gida da goyo, na ga kakanki ya tsaya bakin ɗakinta ya cire hula yana sosa ƙeya, ya ce, "Ko za ki ranta mini?" Ta sayar da awaki biyu, ta haɗa da na kwalla, ta ƙirga a gaban ƙanensa. Bayan kaka biyu ya biya ta har dala ta ƙarshe. Ba wanda ya ce ta yi rashin kunya. Ai ciyar da gida nauyin miji ne, dukiyar mace kuma tata ce, haka sadakinta, haka kayan ɗakinta. Da masu aikin ƙungiyar agaji ta CARE suka kafa ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a ƙasar Maraɗi a 1991, adashin da suka tarar a hannun iyayenmu suka gyara wa zama.

Ni ce na yi kuskuren da nake jiye miki. Ina aji na biyu a kwaleji, shekarata goma sha biyar, Baffa ya kira ni zaure ya ce wane yana so, me na gani. Cikina ya ɗuri ruwa. Na sunkuyar da kai ina zane ƙasa da babban yatsan ƙafa, ga "a'a" a maƙogwarona amma ta ƙi fita. Ya jira ni, wallahi ya jira, sannan ya ce, "To, Alhamdu lillahi." Ban ga laifinsa ba, domin hadisi ya ce ana neman izinin budurwa, izininta kuwa shi ne shirunta. Ashe shirun nan magana ce. Na yi shekara shida a gidan da zuciyata ba ta taɓa shiga ba, na fito da ƴaƴa biyu, takardar BEPC ta kammala kwaleji kuwa har yau sai dai in gani a hannun wasu. Da na girma na gane ba kunya ce ta rufe mini baki ba, tsoro ne ya ari zanenta ya ɗaura.

Malamanku ba su faye kawo ɗaya labarin ba: Khansa'u ɗiyar Khizam, wadda mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Da kuma maganar da Salmanu ya faɗa wa Abu Darda'i, cewa ranka ma yana da haƙƙi a kanka, Annabi ya ce Salmanu ya yi gaskiya.

Al'ada ta san ɗiya ba za ta iya kallon idon ubanta ta ce ba ta so ba, shi ya sa ta ajiye mata goggo da kaka. Aikinmu ke nan, mu ne bakinki. Ki faɗa mini a ɗaki, ni in ɗauki mayafi in je in sami babanki. Ƙanena ne, na goya shi, ba zai tashe ni tsaye ba. In yaron kina sonsa amma karatu kike so tukuna, wannan ma sharaɗi ne da ake kafawa gaban shaidu tun kafin a raba goro.

Na ƴan waya kuma, ki riƙa tacewa kamar kunu. Wadda ta ce ki so kanki sannan ta miƙo miki man shafe-shafe jika biyar, kasuwarta take ci. Na ga ɗiyar maƙwabta da ta yi shekara uku tana shafawa, fuska ta yi ja, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, rana kaɗan sai fata ta ɗauki zafi. Da jika biyar ɗin nan a wata ta zuba adashi, da yanzu tana da keken ɗinki. Haka masu cewa ki yanke duk wanda ya ɓata miki rai. A garin da famfo kan yi kwanaki bai zubo ba, ranar da kika rasa mai garuwa maƙwabciyar da kika daina gaisarwa ce za ta ba ki bokiti.

Ki zo ranar Alhamis da hantsi, kafin rana ta yi zafi. Za mu shiga kasuwar Dole in saya miki ƴar akuya, tukuicin bak ɗinki, ki bar ta a garkena amma taki ce, ke za ki riƙa sayen dusarta. A hanya sai ki gaya mini abin da zan faɗa wa babanki. Ki taho da takardun rajistar jami'ar in gani, ko da yake sai kin karanta mini, idona ya fara gajiya.

Ki gaida mamanki, kada ki nuna mata wannan tukuna.

Goggonki.