Amsa: Me gashin ƙashi zai yi wa wadda hotonta bai nuna komai ba?

'Yar'uwa, kin ce ƙanwarki tana fama da karkarwar hannu da jan ƙafa, hoton ƙwaƙwalwa bai nuna wata illa ba, amma likita ya tura ta sashen gashin ƙashi, kina tambaya ko akwai amfani. Akwai, kuma ba don ya rabu da ku ya tura ta ba.

A irin wannan larura, wadda ake kira "functional neurological disorder" da Turanci, jijiyoyi da tsoka lafiyarsu ƙalau, yadda ƙwaƙwalwa take sarrafa motsi ne ya rikice, kuma ba da gangan mara lafiya take yi ba. Likitoci suna gane ta da alamu: idan aka sa ta riƙa buga yatsun ɗaya hannun a kan tebur, karkarwar takan lafa ko ta bi bugun, sannan ƙafar da ta ƙi danna ƙasa takan danna da kanta idan aka ce ta ɗaga ɗayar.

A kan wannan aka gina maganin. Maimakon atisayen ƙara ƙarfi, ana janye hankalinta daga gaɓar, a sa ta tafiya da baya, ko ta riƙa lissafi tana takawa, har motsin ya koma yin kansa. A ganina gaggawar ba ta keken guragu kuskure ne, sai in akwai haɗarin faɗuwa.

Babban gwajin da aka wallafa a Birtaniya a 2024 bai nuna wannan tsari ya fi gashin da aka saba ba a babban ma'aunin gwajin, wato iya ayyukan jiki na yau da kullum, bayan shekara guda, amma waɗanda suka ce sun samu sauƙi sun fi yawa a ɓangaren wannan tsari. Ku nemi ma'aikacin da ya san larurar. Allah ya ba ta lafiya.