Gano, ƙago, ƙera: wanne ne na wanda ya fara?

Wani mai karatu daga Kakuri, nan Kaduna, ya aiko yana cewa: “Malam, gardama ta kaure a majalisarmu. Wani ya ce Edison ne ya gano ƙwan lantarki, na ce ba a cewa haka. Wa ya yi daidai?”

Kai ne da gaskiya, Malam. Ana gano abin da yake akwai tun tuni, sai dai ido bai kai gare shi ba, kamar man fetur da aka gano a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu, a 1956. Abin da babu shi a da, ƙago shi ake yi, ko ƙirƙiro shi. Shi ya sa ake cewa an yi wa mutum ƙage, wato an jingina masa abin da bai taɓa faruwa ba. Ƙera kuwa aikin hannu ne, daga nan maƙeri ya samo suna. Maƙerin Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, yana ƙera injin niƙa, amma ba shi ya ƙago shi ba.

Sai dai ko da “ƙago” abokinka ya ce, da sauran magana. A Fabrairun 1879 Joseph Swan ya nuna ƙwansa a birnin Newcastle na Ingila, shi kuwa na Edison sai a Oktoban shekarar ya jima yana ci. Daga baya ma suka haɗa kamfani ɗaya a 1883. Tarho ya fi wannan ɗaure kai: rana ɗaya, 14 ga Fabrairu 1876, takardun Alexander Graham Bell da na Elisha Gray suka shiga ofishin rajistar haƙƙin ƙirƙira a Amurka. Bell aka ba haƙƙin, kuma sunansa yara ke haddacewa a makaranta. Wannan yana damuna, domin rajista tana nuna wanda hukuma ta amince wa ne, ba lallai wanda tunanin ya fara zo wa ba.

Wani a majalisarku zai iya cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ana faɗin wannan idan wani ya sha wahala, wani ya kwashe amfanin. Amma a yi hattara da shi a nan, don Edison da Bell ma sun sha nasu bugun. Idan ana son adalci, a ce Edison ya inganta ƙwan lantarki har ya shiga gidaje.